Furanni a Kan Kajin Goggo Dalsi

Jama'a, ni ba mai yawan magana ba ne, amma abin jiya in na haɗiye shi sai ya shaƙe ni.

Ranar tunawa da kakanninmu ce, waɗanda aka kwaso daga tsibirai aka zuba su saran rake a nan jihar Kwinsilan. 'Yan'uwanmu na Afirka sun zo da ganguna, maƙwabcina Majok ɗan Sudan na ta ihu: "Tsoho, fata ɗaya, wahala ɗaya, yau akushi ma ɗaya!"

Goggo Dalsi kuwa burinta guda ne: dutse mai ɗauke da suna a kan kabarin kakanta, wanda ke bakin gonar rake ba ko alama. Tun gashinta na baƙi manyanmu ke mata alkawari. Bana ma, Allah ya ƙara musu basira, kuɗin dutsen a balan-balan ya ƙare.

Da safe muka haƙa rami, muka gasa duwatsu, muka jera kaji da gwaza cikin ganyen ayaba, muka rufe da buhuna da ƙasa kamar kullum.

Sai ga Mai Girma Sarkin Almakashi, babban jami'in garin nan mai yanka kirtanin kowane buki. Rashin sani ya fi dare duhu! Ya hango tudun ƙasa, ya tako a hankali, ya ɗora furanni a kan abincinmu, ya durƙusa. Mai hoto sai ƙyas-ƙyas take yi.

"Ina jin ɗumin ruhinsu har a gwiwoyina," in ji shi, yana share hawaye.

Majok ya cusa hula a baki. Ni na kama ƙirgen gajimare.

Goggo ta dogaro sandarta. "Ɗana, matsa kar kakan naka ya ƙone." Aka yaye buhu, tururi ya tashi, ƙamshin kaza ya cika fili. Masu ganga suka faɗi ƙasa don dariya.

Ta kamo hannunsa. "Wanda ya yi wa kaza hawaye ba zai rasa na mutum ba. Zo ka ga inda kakana yake kwance."

Can cikin ciyawa ta raɗa masa cewa mai hoton surukarta ce, kuma hoton durƙuso ba ya ɓata.

Yau da hantsi na ga motar masu sassaƙa dutse ta nufi gona, Goggo a gaba tana nuna hanya.

Ni dai yanzu ramukan titinmu nake kallo. An riga an haƙa mana, saura kaji.