Tabaraun da Ya Ba da Shaida a Kaina

Ba zan taɓa mantawa da ranar da tabarauna ya tona mini asiri a gaban Darakta ba. Ni na zaɓe shi da hannuna, a kan hancina yake wuni, amma da aka zo wurin faɗin gaskiya sai ya nuna bai san ni ba.

Ni akawu ne a wani ofishin gwamnati a Kazaure. Haka dai takarda ta ce. A zahiri ina da gonar gyaɗa a hanyar Roni, kuma da zarar kaka ta yi, ofis ba ya ganina sai da safe. In sa hannu, in ajiye tsohuwar hulata a kan tebur (don mai leƙowa ya ɗauka na zagaya bayi), in hau babur in yi gaba.

Da idona ya fara gardama, rubutu yana rawa, mutum daga nesa sai ya yi magana nake gane shi, sai na je wurin Madam Saratu, wata 'yar Filato mai shagon tabarau wadda ta daɗe a garin har Hausarta ta fi tawa. Ta auna idon, sannan ta jera mini kaya a kan tebur.

"Malam, wannan gilashi ne na gaske. Ba ya saurin karcewa, amma da nauyi, in ya faɗi kuma shi ke nan. Wannan roba ce, ba nauyi, sai dai a yi mata shafin hana karcewa. Akwai kuma shafin da ke rage ƙyallin fitila da na kwamfuta. A ina kake wuni?"

Na gyara zama na ce, "Ofis mana, Madam. Daga takwas zuwa huɗu kaina yana cikin fayil."

Ta ce to roba fara mai rage ƙyalli ta ishe ni. Da na tashi a nan, da yau ba ni da labari. Amma sai idona ya sauka kan wani a gefe, na tambayi shi kuma fa. Ta ɗauka ta miƙa hannu waje cikin rana, kafin in ƙifta ido ya koma baƙi wuluk. Nan take na hango kaina a majalisarmu ta yamma, na ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ana tambayata a ina na samo.

"Wannan na masu yawo cikin rana ne," in ji ta. "Kai da kake wuni a ofis, me za ka yi da shi? Kuma ka sani, saurin yin baƙi gare shi, amma in ka shiga ɗaki sai ya ɗauki mintoci kafin ya washe."

Na ji ta, amma irin jin da ake yi wa mai wa'azi a tasha. Shi na saya.

Ana nan aka kawo mana sabon Darakta, Alhaji Modu, dattijo marar hayaniya. Ranar farko ya tara mu ya ce duk wanda ya zagayo bai same shi a kujerarsa ba, zai tura shi reshenmu da ke wani ƙauye can ƙarshen Gwiwa. Wato in rabu da iyali, in rabu da gona. Na tsorata ƙwarai, har kwana uku na yi ina zama.

A rana ta huɗu gyaɗa ta kira ni. Ina tsakiyar gona wajen sha biyun rana, sai ga wayar Malam Sabo, wanda muke ofis ɗaya: "Maigida ya fara zagaye daga bene. In kana da sauran kwana a garin nan, ka taho."

Ban san babur ɗina yana da irin wannan gudun ba. Na ɓoye shi bayan katanga, na shiga ta ƙofar baya, na kakkaɓe riga, na faɗa kujera na buɗe fayil. Sai na ga ofishin ya yi duhu, na ce a raina an sake ɗauke wuta. Malam Sabo yana ta nuna mini idonsa da yatsa, ni kuwa na ɗauka cewa yake in nutsu, har na ɗaga masa babban yatsa.

Ko minti ɗaya ba a yi ba Darakta ya shigo, manyan ofis huɗu suna biye da shi. Na miƙe na rusuna.

"Malam, tun yaushe kake nan?"

"Tun takwas, ranka ya daɗe. Ko ruwa ban fita sha ba." Da na tsaya a nan ma da sauƙi, sai na ƙara da cewa, "Ga shi a cikin duhun nan muke ta fama, babu wuta."

Duk suka ɗaga kai. Ni ma na ɗaga. Ƙwan lantarki yana ci, fanka tana juyawa.

Darakta ya cire nasa tabaraun, fari tas, ya nuna mini. "Nawa ma irin naka ne, wurin Madam Saratu na yi. Ni da na wuni a ciki, ka ga yadda yake." Ya jawo kujera ya zauna, ya dubi agogonsa. "Nawa minti huɗu yake yi kafin ya washe. Bari mu ga naka."

Haka na tsaya, mutum shida suna kallon fuskata kamar ana jiran tukunya ta tafasa. A hankali duniya ta riƙa yin haske, kuma duk abin da ya bayyana sai na gwammace duhun. Na ga Malam Sabo ya cusa hula a baki. Na ga ƙasar gona har idon sawuna. Na ga hula ɗaya a kaina, ɗaya a kan tebur. Kunyar da na ji ranar, ko a gidan surukai ban taɓa jin irinta ba.

"Minti biyar," in ji Darakta. "Naka ya fi nawa shan rana. Tunda tabaraun fita ka saya, za mu ba ka aikin fita."

Mako bai zagayo ba takardar tura ni ƙauye ta fito. Kafin in tafi na koma shagon Madam Saratu a fusace, na ce ta cire mini wannan magulmacin ta sa mini fari. Ta ɗauko takarda da biro ta ce, "To, yanzu a ina kake wuni?"

Na ce, "Ƙauye-ƙauye, Madam. A kan babur, cikin rana."

Ta ajiye biron ta ce, "Ai kuwa wanda ke fuskarka shi ne daidai da kai."

Har yau shi nake sawa. Abin da na koya dai shi ne, in mai tabarau ta tambaye ka inda kake wuni, ka faɗa mata gaskiya tun a shago. In ka ƙi, tabaraun zai faɗa a madadinka, kuma shi ba ya jiran a keɓe.