Rasuwar Mai Nasara, Kwalekwalen Bakin Tabki

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Malam Hezekiya, mai tsaron wurin shan iska na Hutawa da ke bakin tabki a ƙasar Korgom, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Tasawa, Kona da Mayahi rasuwar amininsa Mai Nasara, kwalekwalen katako, wanda ya cika a farkon daminar bana bayan doguwar jinya.

Marigayin baƙo ne a ƙasar nan. Alhaji Mahaman, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya kafa wurin, shi ya ɗauko shi daga Gaya a bayan kamyo, babbar motar kaya, mutane na biye suna tambaya ko kwamin shanu ne. Da Alhaji ya kwanta dama, magada suka sayar wa Madam Altine, wadda ta shafa masa shuɗin fenti, ta cika wurin da lemo mai sanyi da 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ranar Lahadi. Bayanta sai Gamaliyel, wanda ya yi alkawarin kawo inji, ya tafi neman zinariya arewa, ya bar wa Hezekiya makulli. Masu wuri uku suka wuce, marigayin bai taɓa tambayar waye maigida ba. Wanda ya riƙe gorar tuƙi kaɗai ya sani.

An shaide shi da haƙuri. Ya ɗauki amare masu tsoron ruwa, ya ɗauki fasto, ya ɗauki liman, bai kifar da kowa ba. Maganarsa ba ta wuce "ƙiiƙ" idan mai jiki ya shiga, da "cal, cal" idan iska ta taso da yamma. Tun da baƙi suka ɗauke ƙafa, da marigayin Hezekiya ke hira. 'Yarsa Liza ta daɗe tana roƙon ya komo wurinta Maradi, shi kuwa ya ce muddin Mai Nasara na kan ruwa, ba inda za shi.

Ga yadda ciwon ya faro. Kowane rani, idan tabki ya fara ja baya, akan tura marigayin tsakiyar gurbi a cika shi da duwatsu ya nutse, don kada katakonsa ya bushe ya tsage. Aikin ƙarti ne. Bana samari duk sun tafi cirani, ruwa ya janye ya bar shi kan busasshiyar laka. Hezekiya ya riƙa jido ruwa a bido, wato jarka, yana ba shi safe da yamma, har masu lambu suka riƙa tambaya yaushe zai yi tsiro. Sai gadon bayan Hezekiya ya riƙe, ya kwanta. Da ya tashi, ya tarar ana hango ƙasa ta tsakanin katakai. An gwada tsumma, an gwada kwalta. Da ruwan farko ya iso gare shi, marigayin ya sha ya ƙoshi, ya zauna, bai ƙara tashi ba.

Ya rasu ya bar gorar tuƙi ɗaya, bukkoki uku marasa jinka, kujerun ƙarfe da suka yi tsatsa, da Hezekiya, wanda ya fi kowa maraici.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Katakon da ya yi saura za a kai majami'a a yi benci. Ana roƙon duk wanda marigayin ya taɓa ɗauka ya zo ya kama, don mutum ɗaya ba ya ɗaga gawar. Zaman makoki a gindin gawon bakin ruwa, na yini guda ne kawai, masu gaisuwa kada su bari sai gobe. Ranar Lahadi bayan sujada moto, wato babur, zai zo ɗaukar mai makokin zuwa Maradi, inda Liza ta share masa ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon maƙwabta.