Irin Taka-Malam

Ba zan taɓa mantawa da fitata ta farko a aikin malamin gona ba, ko da yake na yi iyakar ƙoƙarina in manta. Daga Filinge aka tura ni wani ɗan gari a ƙasar Kurfai da buhu goma na sabon irin hatsi mai nuna da wuri. Shugabana ya ce in manoma suka karɓa kafin ruwan shuka, a ɗauke ni aiki. In suka ƙi, in koma Yamai in ci gaba da zaman kashe wando.

Ranar kasuwa na isa. Maigari ya ce, “Tai gindin gawo, ɗana, jama'a na can.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma har yau ina jin haushinsa.

Na ratsa ta wajen masu goro da 'yan awaki, sai ga gawo, ga mutane sun fi ɗari zaune a ƙasa shiru, kowa ya cire takalmi. Na ce a raina lallai garin nan sun san darajar ilimi. A tsakiyarsu akwai wani tudun ƙasa da aka kewaye da duwatsu. Ba allo, ba katanga, ba ko tsinke! (Ku faɗa mini tsakani da Allah, me ya fi wannan kama da wurin jawabi?)

Na haye da takalmana na bot, na yi gyaran murya, na fara bayanin iri. Har da buga ƙafa, ina nuna yadda ake danne rami bayan shuka.

Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka. Wani dattijo ya miƙe a hankali, ya kira ni yadda ake kiran ma'aikatan gwamnati da Faransanci, ya ce, “Mushe, sabko. Bisa Malam kake tsaye.”

“Wane malam, baba?”

“Wanda munka zo ziyara tai. Da ni da ubana da kakana, babu wanda yat taɓa taka wurin ga.”

Ashe kabarin waliyyin garin ne, wanda ake zuwa ziyararsa tun daga Abala. Na sauko, na cire takalman da bai kamata in shigo da su ba tun farko. Direbanmu, ɗan yankin, yana jingine da mota yana cin ƙosai. Ya ga hawana tun daga tushe, wai ya zaci addu'a zan yi!

Buhu goma na kai, goma na mayar. Aka ɗauki wani a madadina, ya kai musu irin nan dai da baɗi, suka karɓa hannu bibbiyu, irin kuma ya yi albarka. Yau ko'ina a kasuwannin Kurfai ana sayar da shi, amma ba wanda ya san sunan da ke jikin buhu. “Taka-Malam” suke ce masa.

Tun daga ranar, in na tarar da taro ya yi shiru, ba na ɗauka ni ake jira.