Albasa Mai Aiko Saƙo

"Nan da shekara biyu," in ji Zayyanu, "duk albasad da ke tsakanin Boɗinga da Shagari sai ta nemi izinina ta waya kahin ta ruɓe."

A teburin mai shayi ya faɗi haka, da wayoyi uku jere a gabansa, biyu ba caji. Kai mai karatu, in ba ka san Zayyanu ba, ka huta. Kwana uku ya yi a wani taron matasa masu fasaha a cikin Sakkwato, ya dawo da riga mai tambari, da farin abin sauraron waya a kunne da ba ya cirewa ko a zaman gaisuwa, da sabon muƙami: Shugaban Kamfanin Albasa Dijital. Shi ne shugaba, shi ne masinja. 'Yan gari dai Injiniya Ba-sabis suke ce masa.

Abin mamaki, wata Hajiya Safinatu mai zuba jari a sababbin kamfanoni ta amsa saƙonsa na neman jari daga Abuja. Ta ce za ta zo ta gani da idonta kafin ta sa hannu. Matsalar ɗaya ce: Shugaban Albasa ba shi da albasa ko ƙwaya. Sai ya hau babur ya nufi Shagari, wurin Kawu Mode, yayan mahaifiyarsa.

Shekara arba'in Kawu Mode yana ajiye albasarsa a rudu, rumfar kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa, iska na ratsa ta ko'ina har kaya su yi tsada. Zayyanu ya zagaye rudun yana girgiza kai kamar likita.

"Kawu, wanga ai zamanin jahiliyya ne. Ni rumbun kwano za ni yi maka, ruhwahhe, da na'ura mai aiko saƙo."

"Zayyanu, albasa iska taka so."

"Iska ita ka kawo cuta, Kawu. Can wurin taro munka gani cikin hoto."

Kawu Mode bai yarda ba ko kaɗan. Amma yaron ɗan ƙanwarsa ne marigayiya, kuma yana tausayinsa. Ya ba shi rabin albasar bana, rabin da gidan ke sa ran zai kai su damina.

Injiniya ya tashi aiki. Ya kafa kwano, ya shimfiɗa leda, ya bi kowace kafa ya liƙe, har sauro ya zo ya duba ya koma. Ya zuba albasa, ya saka na'urar, wata 'yar aba kamar akwatin ashana mai auna zafi da laima. Ya duba waya. Shiru. Ashe sabis ba ya shiga kwano.

Wani zai tsaya ya yi tunani. Zayyanu bai ɓata lokaci a wannan ba. Ya fito da na'urar yana ɗaga ta sama, yana zagaya fili, har ya sami sabis cikakke a reshen dogonyaro, cikin inuwa mai sanyi. Nan ya rataye ta, ya datse rumbu da kwaɗo.

"Ai duk hili guda ne," ya ce.

Sati bakwai ranar bazara tana dukan kwanon nan. Kullum da safe waya takan yi ƙara: "Albasarka lafiya lau, iska na kaɗawa." Kullum Zayyanu sai ya tura wa Hajiya. A sati na biyar Kawu Mode ya kira shi.

"Ɗana, ƙudaje sun yi sansani ga rumbunka. Awaki ma sun canza hanya."

"Kawu, hanci shina kuskure. Na'ura ba ta yi."

Ran zuwan Hajiya, Zayyanu ya ari farin takalmi, ya tara mutane, ya yi jawabin awa guda a kan makomar Afirka. Sannan ya ce bisimilla, ya buɗe kwaɗo.

Albasar ba ta jira an shiga ba, ita ta fito tarbar baƙi. Baƙin ruwa mai kauri ya malalo ya rufe farin takalmi. Warin ya kori 'yan kallo har bakin titi, direban Hajiya ya shige mota ya ɗaga gilas ya bar uwar ɗakinsa a waje. Kawu Mode kaɗai bai motsa ba. Ya tsaya yana kallon wahalar rani guda tana bin ƙasa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Hajiya, da mayafi a hanci, ta ce, "Malam Zayyanu, ina na'urar take?"

Zayyanu ya nuna sama.

Ta dubi reshen, ta dube shi, sannan ta juya wajen rudun kara, inda sauran rabin ke zaune jajir, ko ɗaya ba ta taɓu ba.

"Baba, wannan fasahar ta wace ce? Ita nake so mu tattauna."

Daidai nan wayar Zayyanu ta yi ƙara a aljihu. Ya yi kamar bai ji ba.

"Karanta muna," in ji Kawu Mode.

Ya karanta da 'yar ƙaramar murya: "Albasarka lafiya lau, iska na kaɗawa."

Kawu Mode ya ɗaga kai ya dubi bishiyar, ya gyaɗa kai.

"To, madalla. Hau ka tsinko muna albasar, Injiniya, Hajiya ta gani."