Rasuwar 'Yar-Baƙa, Wayar da Ta Riƙe wa Talatu Sunan Ɗan Farinta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani haushi da ya ƙi wucewa, Malama Talatu, matar marigayi Malam Maiwada na Makarfi, tana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na nan gari, da na Dandamisa, da na Kudan da Ikara, rasuwar wayarta wadda aka fi sani da 'Yar-Baƙa. Ta cika ranar Laraba bayan la'asar, a kan tabarmar tsakar gida, a hannun wanda ya sayo ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kada wani ya yi dariya. Ko allura ta ɓata ana faɗin haka, balle abin da ya tafi a cikin wayar nan. Zulai, ƙanwar Malama Talatu, ita ce ta riƙe alƙalami a madadinta, domin ita mai makokin ta ce ba za ta iya ba.

Marigayiya ta shigo gidan nan shekarun baya a cikin kwali, tana sheƙi. Ɗan farin Malama Talatu ne ya sayo ta da albashinsa na farko. Sunansa Zayyad. Mu ne muka faɗa, ba ita ba, domin tun ranar da aka raɗa masa sunan nan bai taɓa fita daga bakin mahaifiyarsa ba. In ta matsu sai ta ce "yayanku", ko "yaron nan". Haka ta gada daga uwarta, haka uwarta ta gada. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Kudan, can ya girma. Ko wayar ma ba hannu da hannu ya ba ta ba. Ya ajiye a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon murhu, sai da ya fita ta ɗauka.

An shaidi marigayiya da haƙuri. Ta faɗa cikin kwanon ƙullu ta fito da ranta. Ta kwana da yunwa sau ba adadi saboda rashin wuta, ba ta taɓa yin ƙorafin da ya wuce "ɗin-ɗin" ɗinta na neman caji ba. In saƙo ya shigo sai ta ce "tilin!" sau ɗaya, cikin ladabi, ta yi shiru. In kira ne sai ta yi "ƙirrr" a ƙarƙashin filo har a zo. Ita ta koya wa Malama Talatu, wadda ta yi karatun boko da girmanta a ajin matan aure, shiga shafin sada zumunta da rubutu da yatsa ɗaya. Kuma kowa shaida ne ta yi amfani da shi. Ranar da ɗanta Bilya ya ɗebe tumatirinsa a fadama ta sa hotonsa da kwanduna, da addu'a mai tsawo. Ranar da 'yarta Firdausi ta haihu a Ikara, ta cika shafin da hoton jariri har mutane suka gaji da cewa masha Allah. Auta Khairiyya kuwa ko sabon hijabi ta ɗinka sai duniya ta gani. Mutum ɗaya ne bai taɓa fitowa a shafin nan ba, kun kuma san shi.

Babbar nagartar marigayiya, wadda saboda ita aka rubuta wannan sanarwa, ita ce riƙon amana. Ranar da Zayyad ya gama digirinsa na biyu, Malama Talatu ta shiga ɗaki ta tura ƙofa, ta ɗauki hoton hotonsa da aka rataye a bango, ta rubuta a ƙasa abin da ke ranta. Da ta zo wajen turawa sai kunya ta riƙe mata yatsa. Me mutanen Dandamisa za su ce? Talatu ta tsufa ta zubar da alkunya, tana tallar ɗan fari a waya? Ta danna komawa baya da sauri kamar ta taɓa garwashi. Sai wayar ta tambaye ta, a zubar da wannan rubutu ko a ajiye? Ta daɗe tana kallon tambayar, sannan ta danna a ajiye. Bayan kwanaki tana lalube, ta taɓa hotonta na shafin, ta gangara ƙasa, sai ga wani ɗan lungu da ake tara rubutun da ba a tura ba, wanda masu ilimin abin suke kira daftari. Ga rubutunta nan zaune lafiya lau, babu wanda ya gani.

Tun daga ranar lungun nan ya zama ɗakin Zayyad. Akwai na ranar aurensa, ranar da ta wuni a gidan maƙwabta kamar ba bikin ɗanta ake yi ba. Akwai na lokacin da aka yi masa aiki a asibiti a Zariya, ta je har bakin ɗakin ta kasa shiga, ta tsaya jikin taga ta rubuta addu'a. Akwai ɗan bidiyon da ta ɗauka ta bayan labule yana alwala a tsakar gida, ƙeyarsa kaɗai ake gani. Akwai wani da babu hoto babu addu'a, sunansa ne kawai ta jera, Zayyad, Zayyad, Zayyad, har layi ya cika. Takan shiga ta gyara kalma, ta canza hoto, ta sake dannawa a ajiye. Duk wannan 'Yar-Baƙa ta haɗiye, ba ta taɓa fesa wa kowa ba.

Ciwon ajali ya fara ne da cikar ciki. Wayar ta soma cewa babu sauran wuri. Malama Talatu ta goge wa'azozi, ta goge hotunan biki, ta goge waƙoƙin Islamiyyar jikoki, amma lungun nan ko kusa ba ta taɓa shi ba. Daga nan sai zazzaɓi, jikin marigayiya ya riƙa ɗaukar zafi kamar dutsen guga. Sai suma, a danna ta ƙi motsi. Batir ya kumbura har bayanta ya ɗaga, aka ɗaure ta da ƙyauro na roba.

A cikin wannan jinya ne Zayyad ya samu canjin aiki zuwa Fatakwal. Ya je sallama wajen Zulai, a nan ya amayar da abin da ya daɗe yana cinsa. Ya ce, "Inna, na san al'ada, ba yau aka haife ni ba. Amma ko atishawa Bilya ya yi sai Umma ta sa a shafinta. Ni in mutuwa na yi, wallahi ban san ko za ta sa ba. In na tafi ba lallai in riƙa wahalar zuwa Sallah ba. Wa zai lura?" Ya faɗa yana dariya, amma idonsa ya kaɗa ya yi ja.

Zulai ba ta iya riƙe magana ba, a ranar ta kai wa yayarta. Malama Talatu ta jawo 'Yar-Baƙa. Ta kwance ƙyauron, ta lallaɓa wayar har ta buɗe, ta miƙa mata lungun nan. Zulai ta karanta ta yi kuka har da majina, sannan ta ce, "Haba Yaya! Ki tura ko guda ɗaya mana, a wuce wajen!" Ta ce, "Kin taɓa ganin inda aka yi haka? Da wane ido zan kalli mutane?" Sun yi ta ja har Malama Talatu ta kawo dabararta. Tunda wayar ba ta da lafiya, za a kira shi ya duba ta. Za ta bar lungun a buɗe a kan fuskar wayar, ita kuma ta shige madafa. In ya gani, ba ita ta faɗa ba, ba ita ta nuna ba, gani ya yi. Ta rantsar da Zulai kada ta sa baki ko da tari ne.

Ranar Laraba ya zo, har da sabuwar waya a kwali, don ya ce tsohuwar ta gama yayi. An shimfiɗa masa tabarma. 'Yar-Baƙa, baiwar Allah, ta yi ƙoƙarinta na ƙarshe, ta riƙe haskenta ba ta suma ba, lungun a buɗe, hotonsa na sama. Malama Talatu tana madafa tana juya tukunyar da babu abin juyawa a ciki. Zulai tana bakin ƙofa ta cije leɓe.

Ya ɗauki wayar. Da ya lura shafin mahaifiyarsa ne a buɗe, sai ɗan halak ɗin nan ya kawar da kai gefe, ya lalubi madannin fita da babban yatsa ya rufe. Kai jama'a! Tarbiyyar da aka yi masa a Kudan ce ta yi aikinta. An koya masa ɗa ba ya leƙa kayan uwarsa, ba ya buɗe mata jaka, ba ya karanta abin da ba a ce ya karanta ba. Ya kwashe lambobi da hotuna ya zuba a sabuwa, yana yi yana kallon katanga. Ya buɗe mata shafinta a can, ya ga komai ya fito, Bilya da tumatirinsa, Firdausi da jaririnta. Sannan ya ce bari ya wanke tsohuwar tas, ya goge duk abin da ke cikinta, ko za ta samu sauƙi a ba yara su riƙa wasa. Zulai ta buɗe baki, ta tuna rantsuwa, ta rufe. A zatonta ma abin yana can a shafin, zai biyo su sabon gida. Ya danna. Marigayiya ta yi "zzzt" sau ɗaya, ta yi fari, ta yi baƙi. An jona ta a caji har magariba ba ta farka ba.

Bayan ya tafi Malama Talatu ta ɗauki sabuwar, ta taɓa hotonta, ta gangara ƙasa kamar yadda ta saba. Lungun yana nan, amma wayam. Ta fita ta sake shiga. Ta kashe ta kunna. Ta duba wajen hotuna, ta duba wajen abubuwan da aka adana, har wajen shara ta duba. Washegari suka ɗauki gawar zuwa rumfar Meshach mai gyaran waya a kasuwa. Ya buɗe ta, ya gwada wani batir, ya girgiza kai. Ya ce, "Mama, ki yi haƙuri. Irin wannan ajiyar taki a cikin wayar take zaune, ba ta hau sama ba, tunda ba a tura ba. Ko da ta tashi ma, an riga an wanke." Zulai ta ce to a sake rubutawa mana, a sake kiransa. Malama Talatu ta ce, "Na asibiti a bakin tagar asibiti aka rubuta shi. Yanzu in na zauna na rubuta, kwaikwayon kaina zan yi. Kuma ko na cika waya goma, kin dai ga yadda ya juya kai."

Takaicin da ke cin mu shi ne babu wanda za a kama da laifi a huce. Uwa ta yi abin da aka koya mata, ɗa ya yi abin da aka koya masa, kowa ya cika ɗan mutunci, mu kuma muna zaune da asara. Tir da wannan irin ladabi, in ji Zulai, kuma da sunanta ta rubuta.

Marigayiya ta rasu ta bar caja guda, wadda aka naɗe wuyanta da salatif, da abin saƙalawa a kunne mai ji da ɓari ɗaya, da riga ta roba da ta yage a kusurwa. Ta bar layi, wanda ko kunya babu ya tare a sabon gida tun gawa ba ta huce ba. Ta bar magajiyarta, fara sol, mai faɗin fuska da ƙarar da ke firgita kaji, wadda ba ta san komai game da gidan nan ba. Da safiyar Alhamis Zayyad ya aiko Khairiyya ta tambaya ko komai ya dawo daidai a sabuwar. Malama Talatu ta ce, "Ki ce wa yayanku komai ya dawo. Allah Ya yi albarka."

Za a yi jana'iza ranar Juma'a da hantsi a ɗakin mai makoki. Babu wanka, domin marigayiya ba ta shiri da ruwa, babu kuma salla, mun tambayi liman ya kore mu. Za a naɗe ta a cikin majanyin da aka goyi Zayyad da shi kafin a kai shi Kudan, a sa ta a ƙasan adaka, ƙarƙashin zannuwan da ba a ɗaurawa. Za a karɓi gaisuwa daga bayan azahar zuwa la'asar, mata kawai, ba a buƙatar kowa ya zo da abinci.

Mai makoki ta roƙi arziki guda biyu. Na farko, don girman Allah kada kowa ya tura wa Zayyad wannan sanarwa, kada kuma a karanta ta inda matarsa za ta ji. Na biyu, motarsa ta Fatakwal ranar Asabar za ta tashi, saboda haka zai zo sallama a ranar zaman makokin. Duk wadda ta tarar da shi a zaure ta goge idonta kafin ta shiga, ta tsaya ta yaba masa sabuwar wayar da ya saya wa mahaifiyarsa.