Ranar da Na Shafa wa Kwamfutar Hadiza Giris

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe cikin kwamfutar 'yata na shafa mata giris a gaban mutanen gari ba. Giris na mota, baƙi, na gwangwani. Da hannuna na yi. (Bello ya zuga ni, gaskiya ne, amma Bello Bafulatani ne, ni Babarbare. Zuga ni aikinsa ne, ni ya kamata in yi hankali.)

Ni makaniken injin ban-ruwa ne a wani ƙauye kusa da Bagwai. Ban yi boko ba. Na yi karen mota, na yi dako a Kano, tirela ta taɓa kifewa da ni na fito da ƙafata. Ba na yawan magana, ba na yawan tsoro. Da fetur ya yi tsada, ni na fara juya wa manoman rani injinansu su sha gas. Kafireto mai baki biyu: ka murɗa nan ya sha fetur, ka murɗa can ya sha gas. Tun daga nan ake ce mini Injiniya. Ni kuma ban hana ba.

Hadiza ita ce babbar 'yata. Tana karatun kwamfuta a jami'a, tana zaune wajen gwaggonta a Rijiyar Zaki. Aikinta na gama makaranta shi ne ta koya wa kwamfuta sanin ciwon tumatir. Ka nuna mata ganye, ta faɗa maka abin da ke cin sa. Malamarta, wata Dakta, ta ce ba ta sa hannu sai ta gani da idonta a gaban manoma na gaske. Rana ɗaya ta ware, da yamma za ta koma Kano. In abin bai yi ba, Hadiza sai ta jira wata shekarar.

Aka ba mu aji a firamaren garin. Aka toshe tagogi da tabarmi don ɗakin ya yi duhu. Hadiza ta aro majigi, ta shimfiɗa farin ƙyallen uwarta a kan tebur. Mai unguwa ya zo, manoma suka cika benci, kowa riƙe da ganyen tumatir ɗinsa. Ni aiki ɗaya aka ba ni: janareto. In tayar da shi, in zauna kusa da shi. Shi ke nan.

Na tayar da janareto. Hadiza ta jona wayar majigi a kwamfuta. Bango ya yi shuɗi, ya tsaya a shuɗi. Ta cire, ta mayar. Shuɗi. Ta kashe, ta kunna. Shuɗi. Sai ta buɗe wani baƙin allo mai ƙananan fararen rubutu, tana bugawa tana karantawa, fuskarta tana ƙara ɗaurewa.

Na baro janareto na zo. Na ce, "Wutar ce ba ta kai ba?"

Ta ce, "Wutarka lafiya lau, Baba. Laifina ne. Jiya na sabunta Linuks ban gwada majigi ba."

Linuks shi ne abin da ke tafiyar da kwamfutar tata. Ta taɓa gaya mini mutane ne daga ko'ina suka haɗa shi kyauta, kamar aikin gayya. Na ce, "To me ya same shi?"

Ta ce, "Katin hoto biyu ne a cikinta. Akwai ƙarami, ba ya cin batir, shi ke aikin yau da kullum. Akwai babba, mai ƙarfi, sai an zo aiki mai nauyi yake tashi. Ramin majigin nan da babban aka haɗa shi. Umarnin da ke tashin babban ya tsufa, bai dace da sabon Linuks ɗin ba. Shi ya sa yake barci." Ta ga ban gane ba, sai ta ce, "Kamar injinka ne, Baba, mai fetur da gas. Ya ƙi juyawa zuwa ɗayan."

Wannan maganar ita ta kashe ni. Da ta bar ni cikin jahilcina da na koma wajen janareto lafiya.

Ta ce za ta hau tudun bayan makabarta inda sabis ke kamawa, ta sauko da sabon umarnin a wayarta, ta kuma yi wa Dakta kwatancen hanya. Ta rufe kwamfutar. Ta ce, "Baba, ka duba mini ita, kada yara su taɓa."

Yara ba su taɓa ba.

Fitarta ke da wuya Bello ya fara. Yana bencin gaba da ganyensa a hannu. Ya ce, "Ikon Allah. Inji ya ƙi juyawa, ga Injiniya a tsaye, an aiki yarinya tudu."

Na ce, "Rufe mini baki, bawana."

Ya ce, "Wa ke bawan wa? Ai na sani, Barebari sai dai cika baki. Injin da ba ya yoyon mai ya fi ƙarfinku."

Aka yi dariya. Mai unguwa ma ya murmusa, ya ce, "Injiniya, ko dai za ka leƙa mata? Baƙuwa na hanya."

Na yi tunani irin nawa. Duk injin da ke juyawa tsakanin abu biyu yana da makunni. In ya ƙi juyawa, datti ne ya toshe shi. Ban taɓa ganin wanda ya saɓa wa wannan ba. Kuma ita da bakinta ta ce kamar injina ne. Na sa hannu a aljihu. Ƙaramar sukudireba tana nan, kullum tana nan.

Na kifa kwamfutar, na kwance bayanta. Mutane suka taso suka kewaye ni. Ciki tsaf, kamar gari aka hango daga sama. Na nemi makunni, ban gani ba. (Nan ya kamata in rufe. Amma mutum yana tsaye a kanka yana cewa "Allah Ya ƙara basira", ta ina za ka rufe?) Sai na ga fanka, na ga wani bututun jan ƙarfe ya taso daga fankar ya bi ta kan wasu abubuwa biyu masu kusurwa huɗu. Na ce, "Ga su nan. Ga ƙarami, ga babba."

Aka ce, "Allahu Akbar!"

Na kwance bututun. Na hura bakinsa, iska ba ta wuce ba, duk bakunan a liƙe. Na ce, "Kun gani? A toshe yake." Allah Ya taimake ni ban huda shi ba, don na nemi ƙusa ba a samu ba. A ƙarƙashinsa kuwa, a kan katin nan biyu, ga wani abu kamar busasshen laka, toka-toka. Na lakato da farce na nuna wa jama'a.

Na ce, "Ga ciwon. Datti."

Bello ya ce, "Yaran zamani ba sa wanke inji."

Na tsoma tsumma a fetur ɗin janareto na goge su tas, har suna ƙyalli. Sai na ga ƙarfe zai zauna kan ƙarfe ba komai a tsakani. A sana'ata wannan haramun ne. Na aika aka ɗauko gwangwanin giris a akwatin babur ɗina. Na shafa musu, ban yi rowa ba. Na cire wayar fanka na busa mata ƙura, na mayar da komai, na rufe. Ƙananan noti suka ragu a tebur, na share su na zuba a aljihu. Kowane makanike ya san kamfani na sa noti fiye da buƙata.

Na kunna. Ta kama. Kuma da, in an kunna ta, fankarta na huci. Yanzu tsit.

Na ce, "Kun ji ta?"

Suka ce, "Ba mu ji komai ba."

Na ce, "Haka lafiyayyen inji yake." Na rufe ta, na koma wajen janareto na zauna kamar ban taɓa tashi ba.

Hadiza ta dawo tare da Dakta, sun haɗu a hanya. Mace ce mai tabarau, ba ta da yawan fara'a. Aka gaisa. Hadiza ta jona wayarta, ta buɗe baƙin allon nan, ta yi 'yan rubuce-rubuce, ta kashe ta kunna. Sai ga hoto ɓaro-ɓaro a bango. Ganyen tumatir ya fi ƙofa girma.

Ɗaki ya ɗauki kabbara. Amma ba Hadiza ake kallo ba. Ni ake kallo ta ƙofa.

Bello ya miƙe ya ce, "Hajiya Dakta, a faɗi gaskiya. Ubanta ne ya gyara. Kafirin makanike ne, duk da Babarbare ne."

Hadiza ta juyo. Dakta ta ce, "Au, Baba ma ya san harkar? Bismillah, shigo ka gaya mana."

Ni da ba na magana, ranar na yi jawabi. Na tsaya gaban allo, hasken majigi a fuskata, na ce inji duk inji ne. Na ce boko daban, aiki daban. Na ce yara su riƙa tambayar manya. Ina cikin cewa "matsalar ƙarama ce" sai hoton ya fara tsalle. Ya tsaya. Bango ya koma shuɗi, kwamfuta ta mutu.

Sai wari. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da babur ɗin da ya yi zafi ya san warin nan.

Hadiza ta taɓa kwamfutar ta janye hannu da sauri. Ta ɗaga ta da gefen hijabinta. A kan farin ƙyallen uwarta ga baƙin tabo yana naso.

Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ta ce a hankali, "Baba, ara mini sukudireba."

Na zaro. Notin da na ɓoye suka biyo ta, suka zube a siminti, suna gangarawa ƙarƙashin benci. Ɗakin ya yi tsit har kana jin kowane ɗaya yana tsayawa. Mai unguwa da kansa ya sunkuya ya tsinto guda ya miƙo mini.

Ta buɗe bayan. Dakta ta leƙa, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar, ta sake leƙawa.

Ta ce, "Wannan mene ne?"

Na ce, "Giris."

"Man da ke kai fa? Mai ruwan toka?"

Na ce, "Dattin? Na wanke."

Hadiza ta ce, "Baba, shi ke janye zafi daga katin zuwa bututu. Kuma ba ka mayar da wayar fanka ba."

Sai Bello ya ce, "Shi ya sa ta yi tsit. Lafiyayyen inji!"

Dariyar da aka yi har matan da ke leƙe ta bayan tabarma. Dakta ta juya mana baya tana kallon bango, kafaɗunta na rawa. Tirela ta danne ni ban ji abin da na ji a tsayuwar nan ba. Amma da na dubi Hadiza sai kunyar kaina ta koma gefe. Shekararta ce a kan teburin nan, ni na shafe ta da giris.

Na ce, "Hajiya, yarinyar ta gyara nata. Ni na ɓata. Kada a ɗora mata."

Dakta ta dubi agogo. Ta ce, "Hadiza, me za ki iya yi kafin la'asar?"

Hadiza ta kwashe giris ɗin ta bar ɗan kaɗan, don babu man gaskiyar sai a Kano. Ta jona fanka, ta ɗaure notin da aka tsinto. Ta jira ta huce, ta kunna. Ta kama, alhamdulillahi, ba ta ƙone ba. Ta ce babban katin ba zai tashi yau ba, in ya tashi zai dafa kansa. Ta shiga baƙin allo ta kulle shi, ta bar ƙaramin. Ba majigi ke nan, kuma aikin zai yi nawa. Kowa sai ya zo da ganyensa gaban tebur ya jira.

Ta ɗora kwamfutar kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa. Ta ce, "Amma sai an riƙa yi mata fifita."

Duk ɗakin aka juyo aka dube ni.

Aka karɓo mafici a gidan maƙwabta, mai ado da jan zare, na amarya. Na durƙusa gefen tebur. Manoma suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, kwamfuta tana dogon tunani tana faɗin ciwo, Hadiza tana bayani, Dakta tana rubutu, ni ina fifita. Duk wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da aiki, Injiniya." Da aka zo kan Bello ya tsaya ya miƙo wuya, ya ce, "Ɗan kaɗo nan ma, bawana." Na ci gaba da fifita. In na tsaya amsa shi, zafi zai hau.

Kafin la'asar Dakta ta sa hannu. Da za ta shiga mota ta ce mini, "Baba, fifitar ta yi kyau." Na ce na gode. Me zan ce?

Hadiza ba ta yi mini maganar ba har yau. Uwarta ce ta yi, saboda ƙyallenta, kuma ba ta gama ba.

Abin da na koya kaɗan ne. In mai ilimi ya ce maka abu "kamar" naka ne, tausayinka ya ji yake so ka gane, ba cewa ya yi ka ɗauko sukudireba ba. Kuma in an ba ka janareto, zauna wajen janareto.

Yanzu ina nan gindin darbejiya a bakin hanyar Bagwai, ina juya injinan manoma daga fetur zuwa gas. Hadiza na aiki a Kano. In ta zo gida da kwamfutarta, a akwatin uwarta take kwana, makullin kuma ba a hannuna yake ba.