Rasuwar Ta-Sinja, Na'urar Wasan Ladan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda ba, Ladan ɗan Malam Tahir na unguwar bakin kogi yake sanar da 'yan uwa da abokan wasa rasuwar na'urarsa ta wasan bidiyo, wadda kowa ya sani da Ta-Sinja. Ta cika ranar Talata da azahar, bayan an ɗauko ta daga ƙarƙashin randa.

A kasuwar garin Sinja shi da ƙanensa Bilyamin suka samo ta, ta hannu, da tabo a gefe. Baiwar Allah ce mai haƙuri. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar wasa, ta dawo, ba ta taɓa riƙe kowa a zuci ba. In an taɓa ta sai ta ce "tiit", sannan ta ja numfashi "fuuu", kamar tsohuwar da ta hau gangaren kogi da tulu. Manya da yara sun zauna gabanta a rumfar gidan, wasu ma da laka a ƙafa daga gona.

Amma abin da ya sa Ladan ya kasa cin tuwo, jama'a, ba ƙarfe da roba ba ne. Kafin Bilyamin ya tafi haƙar zinariya arewa, ya kai ƙungiyarsa wasan ƙarshe na kofi a wasan ƙwallon na'urar, ya ajiye a cikinta, ya ce kada a taɓa sai ya dawo. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, wayarsa wani lokaci ta shiga, yawanci ba ta shiga. Ladan bai taɓa buga wasan nan ba. Yakan buɗe dai ya ga sunan ƙanensa a gilashin talabijin, ya rufe.

Ciwon ajali ya faro ne da Salih maƙwabci ya dawo daga Saudiyya da wata farar na'ura sabuwa ful, ta wani kamfani daban. Gari ya rabu biyu. Ga labari ya cika wayoyi cewa sabon wasan ƙwallo zai fito bayan girbin riɗi, har gumin 'yan wasa ana gani. Mutanen Salih suka ce tsohuwa ba za ta ɗauke shi ba. Ladan ya rantse za ta ɗauka. Don ya nuna musu da sauranta, sai ya riƙa kunna ta tun hantsi, cikin zafin nan da ko akuya ba ta fita.

Jikinta ya yi zafi rau, numfashi ya koma "kurrr". Shi kuma ya yi mata abin da ake yi wa lemo da ganyen miya a kowane gida: ya naɗe ta a tsumma ya sa ƙarƙashin randa, inda sanyi yake. Ya manta randa tana ɗiga. Da ya ɗauko ta ya haɗa, ta ce "tiit" sau ɗaya, a hankali. Mai gyara a Sinja ya buɗe cikinta, ya daɗe yana kallo, ya ce abin da ke ciki ya tafi tare da ita.

Ta rasu ta bar hannuwan wasa biyu, ɗaya maɓallinsa ya lotsa daidai babban yatsan Bilyamin, da faifai masu zane a baya, da talabijin da yanzu sai labarai, da Ladan.

Za a naɗe ta a sabon rawani gobe bayan la'asar, a kwantar da ita a akwatin ƙarfen mahaifiyarsu, don ya ce ƙasa ba za ta ci ta ba. Zaman gaisuwa a rumfa, akwai shayi da gahawar jabana, kowa ya zo da abin zamansa. Salih da jama'arsa su zo, ba a hana su ba, amma a bar zancen sabon wasa a ƙofar gida.

Roƙo ɗaya mai makoki yake yi. Duk wanda Allah ya sa wayarsa ta shiga ya samu Bilyamin, ya gaishe shi, ya tambaye shi yaushe zai dawo. Kada ya ba shi wannan labari. Ladan zai faɗa masa da bakinsa, ranar da ya shigo gida ya ajiye jaka.